Jinin Kokumo

Kafaya na duƙe kan tukunyar amala tana tuƙi, hayaƙi na shiga mata ido, sai ga surukarta ta fito daga ɗaki riƙe da kofi cike da wani baƙin jiƙo. Kafin tsohuwar ta ƙaraso warin ya riga ta isowa.

"Iyawo, ajiye muciyar nan ki shanye," in ji ta. Iyawo muke ce wa amarya a nan.

Kafaya ta sauke tukunyar, ta kai gwiwoyinta biyu ƙasa kamar yadda kowace matar ɗa ke yi a garinmu Iseyin, amma ba ta miƙa hannu ba.

"Mama, ku yi haƙuri. A asibiti sun ce in daina shan abin da ban san me ke cikinsa ba."

"A ina?"

Nan ta gane ta yi suɓul da baka. Ta sunkuyar da kai.

"Na ce a ina? Ko kunnena ne ya fara tsufa?"

"Awo na je, Mama."

"Awo." Mama Sabitiyu ta dire kofin a kan turmi har jiƙon ya fantsalo. "Da jikana a cikinki kika ɗauki ƙafa kika kai shi wurin masu allura, ba ki tambayi kowa ba. Sannu, likita. Gidan ubanki haka ake yi?"

Bari in faɗa muku wace ce Mama Sabitiyu, don kada ku ɗauka muguwa ce tun asali. Rini take yi, ita ke rina wa rabin masaƙan unguwarmu zare, hannayenta har gwiwa sun koma shuɗi. 'Ya'ya huɗu ta binne kafin ta samu wanda ya tsaya, shi ya sa aka raɗa masa Kokumo, wato wannan kam ba zai mutu ba. Mu a nan abiku muke ce wa irin yaran, 'yan wabi masu zuwa su koma. Mai maganin da ya yi mata aiki a kansa sharaɗi ɗaya ya gindaya mata: kada ta taɓa yarda baƙo ya ɗebi jinin yaron ya ajiye a wurinsa, don ranar da aka yi haka, ranar abokansa 'yan wabi na can za su gane inda ya ɓuya. Ko jinin kaciyarsa a tsakar gida ta binne shi. Ta je Makka ta dawo da haƙorin zinare, ta bar abubuwa da yawa, amma wannan ɗaya ta ƙi barinsa. Lokacin auren Kokumo da liman ya ce a je a yi gwaji tukuna, Mama ta yi ta zarya gidansa da kuka har bawan Allah ya gaji ya ɗaura a haka. Ina tausayin matar nan, amma har yau in na tuna abin da tsoronta ya jawo sai raina ya ɓaci.

Ciki biyu Kafaya ta yi a gidan kafin wannan, duka biyun a hannun ungozomar da Mama ta zaɓa aka raine su, da jiƙo da baƙin sabulu. Na farko ya zube bayan ya fara motsi. Na biyu ya kai har haihuwa, namiji, ya zo ba rai, fatarsa na saɓulewa. Mama ta ce ai ɗan wabi ne, na farkon ne dai ya dawo, ta sa reza ta tsaga kunnen gawar wai don ya ji kunya ya daina wasa da mutane. Kafaya na kwance tana kallo, ba ta da ƙarfin da za ta ɗaga murya. Tun ranar ta yi wa kanta alkawarin in Allah ya sake ba ta, ko za a yanka ta sai ta je asibiti.

Ta je kuwa. Wata nas mai suna Sista Ronke ta gaya mata duk mai ciki ana ɗibar jininta a duba ƙanjamau, da ciwon hanta, da tunjere, kuma ba don ana zargin kowa ba. Biyun farko suka fito lafiya. Na ukun ne ya sa Sista ta ja kujera kusa da ita, ta tambaye ta yadda cikin baya suka ƙare. Da ta ji, sai ta ce ciwon yana da magani, allura ce, kuma an kama shi da wuri. A ranar aka yi mata ta farko. Tana ɗaura zane Sista ta ƙara da cewa, "Ki kawo mijinki. In yana da shi ba a yi masa magani ba, ba ni da tabbacin ba zai dawo miki ba, shi ma kuma yana cin sa a ɓoye."

Wannan maganar ce Kafaya ta kwana da ita ta tashi da ita, ta rasa ta inda za ta ɓullo wa mijinta.

Da azahar Kokumo ya dawo daga rumfar saƙa, zare duk ya maƙale masa a gashi. Ya tarar da uwarsa na zaune ta cika fam, matarsa kuma ta kai masa abinci ɗaki maimakon baranda. Mutum ne mai sanyi, mai son matarsa. Shi da hannunsa ya saƙa zanen da ta ɗaura ranar biki, kuma bayan rasuwar yaron nan na biyu shi ya riƙa yi mata wanki a ɓoye don kada uwarsa ta gani. Aibinsa ɗaya, in uwarsa ta ɗaga murya sai ya koma ɗan yaye.

Kafaya ta bari ya ci ya wanke hannu, sannan ta kira shi da Boda, yadda take ce masa don girmamawa.

"Boda, magana nake so mu yi. Don Allah ka bari in kai ƙarshe."

"Maganar awo ce? Mama ta tare ni da ita tun daga ƙofa. Ki bar ni da ita, zan lallaɓa ta."

"Ba ita kaɗai ba ce. Sun yi min tes, rizol ya fito. Sun ce ina da tunjere, kuma da alama shi ya kashe mana yaran nan."

Kokumo ya tsaya da tawul a hannu.

"Tunjere? Kafaya, kin san abin da kike faɗa kuwa? Wannan ai ciwon 'yan bariki ne."

"Na sani. Na kuma san ban taɓa sanin wani namiji ba sai kai, kai ne shaidata."

"Wato ni kike nufi."

"Ban ce kai ba ne, nas ɗin ma ba ta ce ba. Ta ce yana zama a jikin mutum shekaru, ba zazzaɓi ba ciwon kai. Jini kawai ke nuna shi. Mu je tare a duba ka, Boda, abin ba ya ɗaukar lokaci."

"Dube ni da kyau. Na yi miki kama da mai ciwo? Daga safe zuwa magariba ina kan masaƙa, ko mura ban cika yi ba. Injinsu ne ya rikice."

"To mu je ka ƙaryata injin."

"Kin fi kowa sanin ba a ɗibar jinina."

"Nawa fa? Nawa na zubar a ɗakin nan sau biyu, wa ya ce ba a ɗiba?"

Ba a turo ƙofar ba, bankaɗo ta aka yi. Ɗakunan gidan gandu irin namu ko tari ka yi maƙwabci ya ji, balle Mama da ta kafa kunne tun shigarsa.

"Na ji komai," in ji ta. "Ashe haka ne. Na yi ta zubar da hawaye ina neman tsari da abiku, ashe abin a zanenki yake. Kin je kin kwaso ƙazanta a waje, kin kashe min jikoki biyu, yanzu kuma kina so ki kai min ɗa a zuƙe jininsa ya bi su. Me na yi miki, Kafaya? Ban ba ki ci ba? Ban ba ki sha ba?"

Kafaya ta durƙusa, hawaye na zuba, amma muryarta ba ta karye ba.

"Mama, ku zage ni yadda kuke so, ku uwa ce. Amma kada ku ce min mazinaciya."

"Na faɗa. Ki kai ni kotu."

Kafaya ta juya ta dubi mijinta. Kalma ɗaya take jira daga bakinsa. Shi kuwa ya dubi uwarsa, ya dubi ƙasa, ya ɗauki hularsa ya koma rumfar saƙa. Wallahi da zagin uwar da wannan fita tasa, fitar ta fi yi mata ciwo.

Daga ranar ta sauko daga gado ta shimfiɗa tabarma a ƙasa. Da ya yi magana ta ce, "Ba fushi nake da kai ba kawai, Boda, ko da yake ina yi. Allurar da nake sha ba zan bari ta tashi a banza ba. Ranar da ka ba da jini ka kuma cika allurarka, ranar zan hau gadon nan." Ya yi tsaki, ya juya mata baya.

Mama kuwa ta kai zancen bakin tukwanen rini, kuma abin da ya je can ya gama gari. Matan gidan suka fara janye bokitansu in Kafaya ta zo rijiya. Wata ta hana ɗanta karɓar alale daga hannunta. Aka ware mata cokali, aka riƙa zuba ruwan zafi a makewayi in ta fito, kamar ta nan ake ɗauka. Waɗannan matan fa, babu ko ɗaya a cikinsu da ta taɓa ba da jini a duba ta, amma kowacce ta tashi da tsarkinta.

Kafaya ba ta rama ba. Kullum da safe sai ta durƙusa ta gaida Mama, ko an amsa ko ba a amsa ba. Ta yi girki, ta yi shara, ranar allura kuma ta ɗaura gyalenta ta fita ta ƙofar gaba a kan idon kowa, har ta cika su. Uwarta ta aiko mata cewa ta tattaro kayanta ta dawo gida, ta ce a'a, in ta tafi yanzu ta amsa laifin ke nan. Kada dai ku ɗauka zuciyarta a sanyaye take. Sau da yawa in tana jajjagen tattasai sai ta ga ta niƙe shi ya zama ruwa ba ta sani ba.

Da Mama ta ga yarinyar ba ta da niyyar tafiya, sai ta kai ƙara wurin Baba Tijani, wan marigayi mijinta, wanda shi ne babban gidan. Ya tara mutane a baranda bayan la'asar. Maza a kan benci, mata a tsaye ta baya, Kafaya a durƙushe a tsakiya da cikinta da ya fara turo riga. Kokumo ya kwanta rub da ciki ya gaida baffansa, ya koma gefe ya zauna yana murza hula.

Mama ta zazzage duk abin da ke cikinta. Ta ƙare da cewa, "Ni ba na son doguwar magana, Baba. A ɗauko Alƙur'ani. In ta isa ta dafa ta ce ba ta taɓa bin wani namiji ba. In ta kasa, yau ta bar min gida."

Baba Tijani ya gyara zama.

"Iyawo, kin ji. Rantsuwa da ciki ba wasa ba ce. Ba na tilasta miki."

"Zan dafa, Baba. Da alwalata na zo."

Aka ɗauko. Ta ɗora hannunta na dama, ta rantse da wanda ya saukar da shi cewa tun da uwarta ta haife ta, kafin aure da bayan aure, ba ta san wani namiji ba sai Kokumo. Ba ta yi in-ina ba. Matan baya suka fara kallon juna.

Ba ta ɗauke hannun ba sai da ta ƙara da cewa, "Baba, ina da roƙo. Ni an ɗebi jinina, an kuma rantsar da ni. Shi ba a yi masa ko ɗaya ba. Ciwon nan ba daga sama ya faɗo min ba. Ban ce a rantsar da shi ba, mijina ne, ba na son in tozarta shi. Jini kaɗan nake roƙo, wanda bai kai cikin cokalin shayi ba, saboda abin da ke cikina."

"Jini dai ba za a ba da ba," Mama ta katse ta. "Rantsuwa kuwa me ke cikinta? Ɗana da na raina a kan tabarmar salla? Kokumo, tashi ka yi alwala ka dafa, ka rufe bakin 'yar nan."

"Mama, ku bar shi," in ji Kafaya.

"Kin ji tsoro ke nan. Tashi, Kokumo."

Ya tashi. Ya ɗauki buta ya je bakin kwata, ya yi alwalar da ta fi kowace alwala daɗewa a tarihin gidan nan. Ya dawo ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya tsuguna gaban littafin, ya ɗaga hannu. Hannun ya tsaya a sama.

"Dafa mana," in ji uwarsa.

Ya sauke hannun a kan cinyarsa.

"Ba zan iya ba, Mama."

Daga gidan maƙwabta ana jin ƙarar masaƙa.

"Tun da na auri Kafaya ban kalli wata ba, wannan zan iya rantsewa a kai. Amma kafin biki, da na kai kaya Kwatano na daɗe... na yi abin da bai kamata ba. Bayan na dawo wani ƙurji ya fito min, ba zafi. Na sayi kafso a kemis na sha, ya ɓace, na ce shi ke nan. Tun ranar da ta faɗa min sunan ciwon nan nake tunaninsa."

Kafaya ta miƙe tsaye. A gaban Baba Tijani, a gaban surukarta, ta miƙe, abin da ba a taɓa gani ba.

"Tun ranar? Tun ranar ka sani? Abin da ka yi kafin aure tsakaninka da Ubangijinka ne, ban tambaye ka ba. Amma kana zaune aka ce min mazinaciya. Kana gani aka ware min cokali kamar kuturwa. Kana cin tuwon da na tuƙa, kana wuce ni a tabarma, ka san gaskiya ka yi shiru. An tsaga kunnen ɗana da reza a kan idona, Boda, yaron da bai yi wa kowa komai ba, aka ce shi ne mugu. Ashe mu ne muka kashe shi da rashin sani, yanzu kuma ka so mu ƙara na uku da sani."

Ba wanda ya ce mata ta yi rashin kunya. Baba Tijani ya cire tabarau yana gogewa. Kokumo kuwa kuka yake, irin kukan da babban mutum ke yi ba sauti.

"Gobe zan je," ya ce.

"Ba za ka je ba!" Mama ta kama rigarsa. "Ka yi zina, Allah ya yafe maka, a yi maka allurar a haka. Amma kada su ɗiba. Kai kaɗai gare ni, Kokumo. In ka ba su jininka ban yafe maka nonona ba."

Ya cire hannunta daga rigar a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Mama, kun riƙe ɗanku ya rayu. Ku bar ni in riƙe nawa."

Washegari da hantsi suka hau acaɓa shi da Kafaya zuwa asibiti. Suna zaune a bencin ɗakin gwaji sai ga Mama ta faɗo, ɗankwali a karkace, takalmi ƙafa ɗaya nata ɗaya na wani. Ta iso daidai lokacin da mai gwajin ya ɗaure wa Kokumo damtse da roba. Sista Ronke ta tare ta a ƙofa.

"Mama, nan ba a shiga sai da izinin mai jini."

"Ku bar ta ta gani," in ji Kokumo.

Ta tsaya ta dafe bango. Allura ta shiga, jini ya hau 'yar kwalba, baƙi-baƙi kamar na kowa. Bakin Mama na motsi, tana karanto duk abin da ta haddace, idonta kafe a fuskar ɗanta tana jiran ya sulale. Mai gwajin ya zare allurar, ya danna auduga, ya ce ya lanƙwashe hannu.

"An gama?" in ji Mama.

"An gama, Mama."

"Kokumo, me kake ji?"

"Yunwa. Ban karya ba."

Ta zame ta zauna a ƙasa, a kan simintin asibiti, tana kallonsa. Shekara talatin da wani abu tana gadin wannan jini, ga shi an ɗiba an liƙa masa takarda an ajiye a layi da na sauran mutane, ɗanta kuma na zaune yana hamma.

Da sakamako ya fito Sista ta ce nasa ne shi kaɗai, sai in ya yarda wani ya ji. Ya ce su biyun duk su shigo. Yana da shi. Sista ta yi masa bayanin allurarsa, ta ce bayan wasu watanni su biyun za su dawo a sake dubawa a ga ko ya sauka, jaririn ma in ya zo za a duba shi. Ta ƙara da cewa takarda ba ta faɗin wanda ya ba wani, don haka kada su mai da ita sandar dukan juna.

"Ni na san wanda ya ba wani," in ji Kokumo.

Mama ta ɗago.

"'Yata, wannan ciwon... in yana jikin uwa, yaya yaran ke zuwa?"

Sista ta faɗa mata. Wasu su zube, wasu su zo ba rai, wasu su zo da rai su yi 'yan kwanaki hanci na yoyo, tafin hannu da na ƙafa na saɓulewa. Wani kuma can daga baya Allah ya sa ya tsira.

Mama ta daɗe tana kallon shuɗayen hannayenta.

"Haka nawa suka yi. Ta ukun, tafin ƙafarta..." Ta kasa ƙarasawa. "Shi ne ke nan?"

"Ba zan iya cewa shi ne ba, Mama, ban gan su ba. Abubuwa da yawa na kashe jarirai. In kuna so a duba ku, sai a duba."

"Allurar nan, sabuwa ce?"

"Tun kafin a haife ni ake yin ta."

Mama Sabitiyu ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta naɗe hannun rigarta kawai ta miƙa wa mai gwajin. Abin da takardarta ta ce nata ne, ba ta faɗa wa kowa ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai san da suka koma gida ta je bakin tukwanen rini, inda ta ɓata sunan yarinyar, ta tsaya a gaban matan nan ta ce ƙarya ta yi wa Kafaya, duk wadda ta yaɗa ta je ta nemi yafiya. Sannan ta shiga ɗakin surukar tata ta kai gwiwa ƙasa. Kafaya ta yi sauri ta ɗago ta.

"Mama, ku tashi, kada ku jawo min abin faɗa. Na yafe muku."

Yafe wa mijin ne ya fi daɗewa. Ta koma gado bayan ya cika allurarsa kamar yadda ta yi alkawari, amma ya yi watanni yana lallashi kafin ta sake yi masa dariya ta gaskiya. Shi ke kai ta awo, ya zauna a bencin mata shi kaɗai namiji, abokan saƙarsa na masa tsiya wai ya koma nas. Ya ce su yi ta yi, su ma in suna da hankali su je a duba su.

A asibiti ta haihu, da rana tsaka. Mama da Kokumo na tsaye a barandar asibitin, ba mai iya zama. Can sai suka ji wata 'yar murya ta tsage da kuka, mai ƙarfi, mai masifa, kamar an ci mata bashi. A ciki Kafaya ta ce wa ungozomar asibitin kada ta rarrashe ta tukuna, a bar ta ta yi, ita ba ta taɓa jin kukan abin da ta haifa ba. Aka duba yarinyar ciki da waje, aka ɗebi jininta, likita ya ce ba abin tsoro, za dai a ci gaba da lura da ita. Ranar suna aka raɗa mata Morenike.

To 'yan uwana matasa, ku ji da kyau. Ciwon nan da danginsa ba sa rubutu a goshi. Mai salla na iya ɗauke da shi, mai ƙiba na iya ɗauke da shi, kuma ƙurjin da ya ɓace ba warkewa ba ce. Kafin aure ku je ku biyu, in ciki ya samu ku koma ku biyu, kada a yi wa mace magani a bar miji a gida yana taƙama da lafiya. Iyaye kuma su ji tsoron Allah, son ɗa ba hujja ba ce ta ɓata 'yar wani. Kafaya ta yi haƙuri, Allah kuma ya ba ta, amma ku lura da irin haƙurin: ba ta zagi kowa ba, ba ta bar gidanta ba, ba ta kuma janye maganarta ba ko sau ɗaya.

Yanzu Morenike na gudu a tsakar gida, tana tsoma hannu a tukunyar rinin kakarta ana kora ta. Kwanan baya wata baƙuwa ta gan ta, ta ce wa Kafaya, "Kin ga ribar haƙuri, ga 'yarki kamar ba a sha wuya ba."

Kafaya ta ce alhamdu lillahi. Ta bi yarinyar da kallo har ta shige ɗaki, sannan ta ce, "Uku ya kamata ki gani."